Idan yaro mai kumburin hanji ya fara tari: jagora ga iyaye a Maraɗi

Gidan da ke da yaro mai ciwon kumburin hanji, hankalin kowa kan cikinsa yake: sau nawa ya zagaya yau, da jini ko babu, ya ci tuwo ko ya ture kwano. In ya fara tari sai a ce sanyi ne, ai hunturu ya shigo, kowa ma yana yi. Ga yaro mai lafiya sau da yawa gaskiya ce. Ga wannan yaron kuwa tari abin bincike ne, domin magungunan da ke kwantar masa da hanji su ne kuma ke buɗe wa tarin fuka da ciwon haƙarƙari ƙofa.

Ciwon da ake magana ba atini ba ne da ke zuwa ya wuce cikin mako. Garkuwar jikin yaro ce ke juyowa tana yaƙar hanjinsa, ciwon ya lafa, ya sake tashi, shekara da shekaru. A takardun likita za ku ga an rubuta MICI, sannan a fayyace ko Crohn ne ko RCH. Na farkon, wanda likita Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a Amurka a 1932, yana iya kama ko'ina daga baki har dubura. Na biyun a babban hanji yake tsayawa, kuma zawo mai jini ne babbar alamarsa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu ciwon tun kafin su cika shekara 20 yake fara musu.

Me ya haɗa hanji da huhu? Tun a mahaifa, wajen mako na 4 na halittar ɗan tayi, huhu daga jikin bututun da zai zama hanyar abinci yake tsirowa. Shimfiɗar cikinsu 'yan uwa ne, don haka kumburin da ke cin hanji yana iya taɓa hanyoyin iska. Sai dai wannan ba ya yawa a yara. Abin da ya fi yawa, musamman a ƙasarmu, shi ne ƙwayoyin cuta su samu yaro garkuwarsa a kwance, ko kuma maganin kansa ya fusata huhu. Matakan da ke tafe a kan waɗannan hanyoyi uku aka gina su.

Mataki na farko: a kore tarin fuka tun kafin a haɗiye ƙwayar farko ta maganin danne garkuwa

Wannan shi ne matakin da ba a tsallakewa, ko da yaron bai taɓa tari ba.

Dalili na ɗaya: tarin fuka ba huhu kaɗai yake kamawa ba. Yana kama hanji, kuma wurin da ya fi so, mahaɗar ƙaramin hanji da babba a ƙasan ciki ta dama, nan ne ma cutar Crohn ta fi zama. Ciwon ciki, zawo, rama, zazzaɓi, tsumburewa, duk iri ɗaya. Ko da an zura kyamara an duba hanjin, wani lokaci ƙwararren likita ma sai ya yi jim. Shi ya sa a ƙasashen da tarin fuka ya yawaita likitoci kan fara ba da maganinsa na wata 2 zuwa 3, su sake dubawa, kafin su yanke cewa Crohn ne. In likitanku ya ɗauki wannan hanya, ba ruɗewa ya yi ba. Yaro mai tarin fuka na hanji in aka ba shi maganin danne garkuwa a bisa kuskure, cutar bazuwa take yi cikin jiki.

Dalili na biyu: mutum yana iya ɗauke da ƙwayar cutar tana barci a jikinsa shekaru, ba tari ba zazzaɓi. Garkuwar jiki ce ta tsare ta. Ranar da aka danne garkuwar, ta farka.

To, ga abin da za ku yi. Ku zauna ku tuna, tsakani da Allah, ko cikin shekara 2 da suka wuce akwai wanda ya daɗe yana tari a inda yaron ke kwana ko wuni: kaka, ɗan haya, mai aiki, abokin kwana a makarantar allo, baƙon da ya zo daga ƙauye jinya. Mutane kan ɓoye wannan don kunya, kuma ɓoyewar ce ke cutar da yaro. Ku faɗa wa likita har da batun madarar shanu da ba a dafa ba, domin akwai nau'in tarin fuka na shanu da ke shiga ta nan, kuma hanji yake nufa. Daga yau nonon da za a dama wa yaron fura ya zama wanda aka tafasa madararsa kafin a kwantar.

Sannan a ɗauki hoton ƙirji. A yi gwajin fata, wanda ake tsira 'yar allura a hannu a dawo a karanta bayan awa 48 zuwa 72. Kada ku wuce wannan lokaci, in kun wuce sai an sake. Ku sani kuma gwajin yana iya nuna babu alhali akwai, idan yaron ya rame sosai ko ya riga ya fara shan maganin danne garkuwa; wannan ma dalili ne na yin sa da wuri. In yana tari ko hoton ya nuna wani abu, a yi gwajin GeneXpert, wanda ke neman ƙwayar tarin fuka a majina. Ƙaramin yaro ba ya iya kakaro majina, haɗiye ta yake yi, don haka akan zuƙo ruwan cikinsa da safe kafin ya karya, ko a gwada bayan gidansa. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da cutar, kuma CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, zai nuna muku cibiyar da ake gwaji da ba da magani.

In an samu ƙwayar tana barci, akwai maganin kariya: izoniyazid na wata 6, ko izoniyazid da rifamfisin na wata 3. In cutar ta tashi, yawanci wata 6 ake yi ana shan magani kullum. Rifamfisin yana mayar da fitsari ja-ja, kada ku firgita. Amma yana rage ƙarfin firednizolon a jiki, saboda haka likitan hanji da ma'aikacin tarin fuka dole kowane ya san abin da ɗayan ya rubuta. Ku ne gadar da ke tsakaninsu: ku riƙa tafiya da takardun duka biyu.

Mataki na biyu: karnen rigakafi da maganin tsutsa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku nemo karnen rigakafin yaron ku kai wa likita tun ranar da aka fara maganar magani. Allurai iri biyu ne. Masu ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, wato BCG, ta ƙyanda, ta shawara da ɗigon shan inna na baki, ba a yi wa yaron da garkuwarsa ke danne. In akwai wadda ya rasa, a yi ta aƙalla mako 4 kafin a fara maganin, in ciwon ya ba da sarari. In bai bayar ba, a jira sai wata 1 zuwa 3 bayan an daina, gwargwadon irin maganin. Sauran, irin su ta ciwon haƙarƙari, ta tarin shiƙa, ta sanƙarau da ta mura mai tsanani, ba su da haɗari gare shi, yana ma buƙatarsu fiye da sa'o'insa. Idan masu ɗigon shan inna sun shigo gida gida, ku gaya musu halin da yaron ke ciki. Sauran yaran gidan kuwa su cika nasu rigakafin, musamman na ƙyanda, don su ne katangarsa.

Akwai wata tsutsa siririya da ke shiga ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi a ƙasa mai danshi, irin ta fadama da bakin gulbi. Tana iya zama a hanji shekaru ba a sani ba, amma in aka ba mutum firednizolon sai ta hayayyafa ta cika huhu. Ku tambayi likita ko ya dace a ba yaron ibamektin kafin a fara, domin maganin tsutsar da aka saba rabawa ba ya gama da ita sosai.

Mataki na uku: ku san kowane magani da abin da yake iya yi wa ƙirji

Ku samu ƙaramin littafi, a rubuta sunan kowane magani kamar yadda yake a kwali, da yawansa, da ranar da aka fara. Ranar farawa tana da muhimmanci ƙwarai, za ku ga dalili.

Firednizolon da danginsa, irin su Solupred da Cortancyl, su ne masu kwantar da tashin ciwo da sauri. Idan yaro ya sha miligiram 2 kan kowane kilo na nauyinsa a rana, ko miligiram 20 zuwa sama, har kwana 14, to a ɗauke shi a matsayin mai rauniyar garkuwa. Suna kuma ɓoye zazzaɓi: yaro yana iya samun ciwon haƙarƙari jikinsa bai yi zafi can ba. Kuma ba a yanke su rana ɗaya, a hankali ake ragewa bisa tsarin likita. Abin da na fi tsoro a nan shi ne iyaye su ga ƙwayar ta yi aiki, yaro ya fara ci ya yi kumatu, sai su ci gaba da sayenta wurin masu tallan magani a kasuwa ba tare da sanin kowa ba. Wannan kumatun ba lafiya ba ce. Ga mai Crohn, ku tambaya ko za a iya bin hanyar abincin ruwa na musamman shi kaɗai na mako 6 zuwa 8, domin a yara yana kwantar da ciwon ba tare da taɓa garkuwa ba.

Mesalazin, wanda aka fi sani da Pentasa, da sulfasalazin, wato Salazopyrine, ba sa danne garkuwa. Amma jefi-jefi jikin wani yaro yana ƙin su, huhu ya kumbura: busasshen tari, zazzaɓi, haki, galibi cikin watannin farko. Ana iya ta ba shi maganin ƙwayoyin cuta ba sauƙi, alhali da an tsayar da mesalazin ko sulfasalazin ɗin da ya warware. Ga amfanin ranar farawa.

Metotirezat sau ɗaya a mako ake sha ko a yi allurarsa, ba kullum ba. Ku zaɓi rana guda, ku ce Lahadi, kowa a gidan ya sani. Shan sa kullum yana kisa. Shi ma yana iya kumbura huhu, kuma ba a haɗa shi da Bactrim, wanda kuwa shi ne ake saurin miƙa wa mai tari ko zawo a garin nan. Azatiyofirin, wato Imurel, yana rage fararen ƙwayoyin jini, don haka gwajin jinin da likita ke nema lokaci lokaci ba neman kuɗi ba ne.

Sai manyan allurai, infiliksimab da adalimumab, wato Remicade da Humira. An fara amfani da na farkon kan cutar Crohn a Amurka a 1998, kuma zuwa 2001 an riga an gane yana tayar da tarin fuka mai barci, sau da yawa ma a wajen huhu ko a bazu ko'ina cikin jiki. Wanda aka fara masa su a Yamai ko a wata ƙasa ya dawo Maraɗi, binciken tarin fuka bai ƙare da na farko ba. A riƙa maimaitawa, kuma duk sabuwar cuɗanya da mai tari a sanar.

Idan an haɗa wa yaro magungunan danne garkuwa biyu ko uku, likita na iya ƙara masa Bactrim, in dai ba ya kan metotirezat, don kare shi daga wani ciwon huhu da ke kama masu raunin garkuwa kaɗai. Shi zai yanke wannan, ba ku ba. Yaron da ke kan Bactrim ba ya shan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa 'yan ƙasa da shekara 5 da damina, don dangi ɗaya ne. Mai shan sulfasalazin ma a tambayi likita tukuna.

Na zafin jiki da ciwon kai, farasitamol. Ibufurofen da dikilofenak suna iya tayar da hanji.

Mataki na huɗu: ku koyi ƙirga numfashi tun yana lafiya

Ku bari ya natsu ko yana barci. Ɗaga rigarsa, duba agogon waya, ƙirga ɗagawar ƙirji har minti ɗaya cif. Ku yi haka 'yan kwanaki ku rubuta, ku san nasa na yau da kullum. Numfashi ya yi sauri idan ya kai 50 a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko 30 ga wanda ya haura 5. Ku sayi ma'aunin zafin jiki, tafin hannu ba ya isa. A auna nauyinsa duk wata a rubuta. Ku lura kuma da ƙarfinsa: da yana kai ƙarshen wasan ƙwallo, yana zuwa lakwal da ƙafa ba tsayawa? Ranar da ya fara zama a gefen fili yana kallo, ku rubuta, ko da bai ce komai ba. Yara ba sa cewa numfashi ya yi musu wuya, daina gudu kawai suke yi.

Mataki na biyar: tari ya zo, yaushe za a tashi?

A tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan ƙasan ƙirjinsa na faɗawa ciki in ya ja numfashi, ko leɓe da harshe sun yi duhu, ko ya kasa gama magana ko shan ruwa saboda haki, ko yana tari da jini, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Haka ma in na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna ƙasa da 92. Akwai kuma wadda ba a cika sani ba: ciwon ƙirji da haki da suka zo farat ɗaya, musamman tare da kumburin ƙafa guda. Lokacin da ciwon hanji ya tashi jini yana saurin daskarewa, ƙari ga rashin ruwa a jiki da doguwar kwanciya, kuma gudan jinin yana iya tafiya ya toshe jijiyar huhu. Kada a yi wa ƙafar tausa.

A ga likita a ranar idan yana kan maganin danne garkuwa kuma zafin jikinsa ya kai 38, ko numfashi ya yi sauri, ko ya yi cuɗanya da mai ƙyanda ko ƙarambau. Waɗannan biyun suna sauka huhu ga irinsa, kuma kariyar da ake bayarwa cikin 'yan kwanakin farko take aiki. A yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, amma ko ya nuna akwai, a saurari ƙirjin. Cuta biyu suna haɗuwa.

A nemi bincike cikin makon idan tari ya kai mako 2, ko yana gumi da dare har ya jiƙa tabarma, ko nauyi na raguwa alhali hanji ya lafa, ko kaluluwa ta fito a wuya. Wannan maganar tarin fuka ce har sai an tabbatar ba shi ba ne.

Mura kuwa da ɗan tari, yaro na ci yana wasa, numfashi daidai, ba zazzaɓi: ruwa mai yawa, zuma cokali guda ga wanda ya wuce shekara 1, a ci gaba da ƙirga safe da yamma. Ban da ruwan maganin tari mai kodin ga ɗan ƙasa da shekara 12.

A nan ne dangi ke shigowa da shawara. Tari ya daɗe, sai a ce belu ne, a kira wanzami. Yaron da jininsa ya riga ya yi ƙasa, garkuwarsa a danne, yanka a maƙogwaro yana iya jawo zubar jini da ruɓa da ba za a iya tarewa ba. Haka tsaga da ƙaho a ƙirji. Ba sai an yi faɗa ba: "Inna, ki yi haƙuri, likita ya ce maganin da yake sha ba ya son a fitar masa da jini ko kaɗan. Ki sa mana albarka mu kai shi a duba." Yawanci kaka in ta ji dalili tana sakin maganar.

Mataki na shida: abin faɗa da abin tambaya a asibiti

Ko CSI kuka fara zuwa, ko asibitin uwa da yara, ko babban asibitin jiha, mai duba yaron mai yiwuwa bai taɓa ganinsa ba, kuma ciwon ba wanda ake gani kullum ba ne. Jimlar farko ta zama: "Likita, yaron nan yana da kumburin hanji, yana shan maganin da ke rage garkuwar jiki, ga kwalayen." Wannan kaɗai yana sauya yadda za a ɗauki tarin. Ku riƙe tsohon hoton ƙirji a kwatanta da sabo.

Ku tambaya: an duba tarin fuka? Ko maganin ne ya jawo? Wanne za a dakatar, wanne za a ci gaba? Galibi in cuta ta yi tsanani ana dakatar da azatiyofirin, metotirezat da manyan allurai, amma firednizolon ba a yanke shi, wani lokaci ƙara shi ma ake yi. A auna yawan jini kuma, domin mai zubar da jini ta hanji yana haki ko da huhunsa garau yake, kuma mai sikila ciwon ƙirjinsa na gaggawa ne ninki biyu.

Idan an ba da magani sau biyu ko uku tari mai majina bai tafi ba har ya wuce mako 4, kuma an kore tarin fuka, lokaci ya yi da za a yi tunanin ciwon hanjin ne ya taɓa hanyoyin iska. A nan hoton ƙirji na yau da kullum yana iya fita lafiya. Sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin ƙirji dalla-dalla, ita ce ke nuna hanyoyin da suka buɗe suka tara majina, sai gwajin hura iska a na'ura, wanda yaro ke iyawa daga wajen shekara 6. Ku nemi a tura ku wurin likitan huhu, ko da sai an je Yamai. Irin wannan yana iya bayyana lokacin da hanji ya lafa, har ma bayan an yi aiki an cire babban hanjin, kuma sau da yawa yana jin maganin shaƙa.

Mataki na bakwai: hayaƙi da ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ba ya tambayar kowa. A ranakun da ya yi kauri yaron ya sa takunkumi in zai hau kabu-kabu, a yayyafa ruwa kafin shara, kuma kada shi ya yi sharar. A nisanta shi da wurin sussuka da shiƙa, da buɗe rumbun da ya daɗe a rufe, da ɗakin kaji da tattabaru.

Hayaƙin cikin gida ya fi hazo illa don kullum ne. Girki da icce ko kara a yi shi a fili, ba shi ne mai hura wuta ba. Kaskon gawayi a ɗaki rufe da daren sanyi yana kashe mai lafiya ma. Turaren wuta a yi bayan ya fita, ɗaki ya sha iska kafin ya dawo. Maimakon maganin sauro na ƙonawa, gidan sauro. Mai shan taba a gidan ya fita ƙofar gida, kuma in yaron ya tasa a gaya masa ƙiri-ƙiri cewa taba da shisha suna tsananta cutar Crohn kanta, ba huhu kaɗai ba.

Kada wannan ya sa a killace shi. In ciwo ya lafa ya je lakwal, ya yi gudu, ya buga ƙwallo. Malaminsa dai ya samu lambar wayarku, da roƙon ya kira ku ranar da ƙyanda ko ƙarambau suka ɓulla a ajin, ko wani ɗalibi ya daɗe yana tari.